Tsakanin Sasari da Ɗakin Magana

Da sunan Allah nake farawa, Shi da ya ɗora mana wannan jinya kuma ya sa muka ga sauƙinta. Sunana Dije, tela ce ni a Gaya. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan, mata ne suka fara shigowa shagona ba don ɗinki ba. Sai mace ta gama juya atamfar da ba tata ba, sannan ta rage murya ta ce, wai da gaske ne akwai asibitin da magana kawai ake yi mutum ya samu lafiya? Na gaji da maimaitawa, kuma duk maimaitawar sai na kwana da ciwon kai. To ga shi a rubuce. Ina gaya muku tun yanzu, akwai jini a ciki.

Mahaifina Malam Audu manomin gyaɗa da gero ne a wani ƙauye kusa da Gafasa, ta ƙasar Ajingi. In an gama kaka kuma mafarauci ne, irin waɗanda in aka buga gangar farauta ba sa iya ƙarasa furar da ke gabansu. Yayana Idrisu shi ne ɗan farinsa. A gidanmu kunyar ɗan fari ba wasa ba ce. Tunda na yi wayo ban taɓa jin Baba ko Inna sun kama sunan Idrisu ba. In Baba yana nemansa sai ya ce mana, "Ina yayanku?" In kuma ga shi ga shi, sai ya ce, "Kai yaro," har Idrisu ya yi gemu ya ajiye iyali. Mu dariya ma abin yake ba mu.

A farautar bara waccan ne aka yi faɗa tsakanin mutanen garinmu da na wani ƙauye a kan gada ɗaya. Waɗannan suka ce karensu ne ya kama, waɗancan suka ce sandarsu ce ta kayar. Aka zare gora da barandami. Idrisu ya shiga rabiya, wani ya zo ta bayansa ya sare shi a wuya. A bayan a-kori-kura aka kawo shi, an rufe shi da ganye, kansa a kan cinyar Baba. Rigar Baba ta sha jini har ta sandare kamar an sa mata sitaci. Wanda ya yi saran yana hannun hukuma, wannan wani labarin ne.

Baba bai yi kuka ba. Da shi aka yi wanka, da shi aka kai, ya dawo ya zauna a tabarma yana ba masu gaisuwa haƙuri. Inna ma ko tari ba a ji ta yi ba, ɗan fari ne, ba a yi masa kuka a gaban mutane. Kowa ya yi ta yabo, wai Malam Audu namijin duniya ne, ga tawakkali. Ni ma har da ni a masu yabon.

Bayan an share makoki, wata rana da hantsi, Inna tana sheƙe gero, Baba ya kira karensa Duna, wanda aka ce shi ya kama gadar. Karen ya zo yana kaɗa jela. Baba ya ɗaga gora ya sauke masa a ka. Bai tsaya ba sai da babu abin da za a nuna a ce kan kare ne. Jini har cikin geron Inna. Sannan ya wanke hannu ya ce a dama masa fura.

Daga nan abubuwa suka biyo juna. Barci ya ƙaurace masa. Ya daina cin nama, ko ƙamshin tsire ya ji sai amai. Yana wuni a zaure, bayansa jikin bango, idonsa a ƙofa. Ranar kasuwar Ajingi wani direba ya daka wa kwandastansa tsawa, "Kai yaro!" Kafin a ankara Baba ya shaƙe direban ya haɗa kansa da jikin bas, da ƙyar ƙarti suka ɓamɓare hannunsa. Da ya dawo hayyacinsa ya tambayi mutane me ya tara su. Muka lura cewa duk inda aka ɗaga murya aka ce "kai yaro", ko kare ya yi haushi, ko aka taɓa ganga, to a gudu. Ni na ɗauka tuna masa da mamacin kawai yake yi.

Sai 'yan shawara suka cika gida. Wannan ta ce iskar daji ce ta biyo shi, waccan ta ce mutanen ƙauyen can ne suka yi masa jifa. Aka sha rubutu, aka yi hayaƙi har idon kowa ya yi ja. Ni ban ƙi addu'a ba, ita ce ma ta riƙe mu. Abin da ba zan yafe ba shi ne wani mai magani da aka ɗauko daga nesa, ya zo da tsumagiya a jaka. Maza suka danne Baba a ƙasa, mutumin nan yana tsula masa yana cewa, "Fita! Faɗi sunanka!" Lokacin da na iso daga Gaya na tarar da bayan ubana ya farfashe, Inna tana shafa masa man kaɗanya tana kawar da kai. Na fita ƙofar gida na zazzage wa mutumin abin da ke cikina, har aka ce ni ma a duba ni.

Kwana kaɗan bayan haka Baba ya fasa randar Inna da kujerar tsuguno. Yayansa Baffa Ila, wanda shi ne babba a gidan, ya shigo ya rungume shi ta baya don ya riƙe shi. Wannan shi ne kuskuren, ba a zuwa wa Baba ta baya. Ya juyo da kujerar ya karya wa Baffa hannu, ina tsaye na ji ƙarar ƙashin.

Da aka ɗaure hannun, Baffa ya aika wa maƙeri aka ƙero sasari. Ya ce akwai wani gida da ake ajiye masu irin wannan lalura, a ɗaure su a turke har su yi laushi. Na san gidan, na taɓa raka wata maƙwabciyata. Na ga dattijo tsirara a rana, ƙarfe ya ci idon sawunsa ƙuda na bi. Na durƙusa a gaban Baffa na ce ya ba ni dama in kai shi asibiti.

Ya daɗe yana kallon hannunsa da ke rataye a wuya. Ya ce, "Dije, ƙanena ne, na fi ki jin ciwonsa. Amma akwai mata da yara a gidan nan. Je ki gwada asibitinki. Duk ranar da ya sake fitar wa wani jini, a sasari zai kwana, kuma ba zan nemi shawararki ba."

Ya rataye sasarin a ƙusa cikin zaure, inda duk mai shiga da fita zai gani. Ban ga laifinsa ba, amma na tsani ƙusar nan.

A asibitin kusa da mu aka ce ba aikinsu ba ne, aka tura mu wani babba a Kano mai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa. Wanda zai je ya shirya wa layi. Layin kati daban, layin biya daban, layin ganin likita daban, kuma sai ka kusa taga a ce mai hatimi ya fita karin kumallo. Ga ni da dattijon da tsawa ɗaya za ta iya tayar da shi, a cikin taron da kowa tsawa yake yi. Na sama masa lungu na zaunar da shi bayansa jikin bango, ina layi ina waiwaye. Likitan da muka gani bai ɗago kai sosai ba, amma ya yi tambayoyi masu ma'ana. Ya rubuta ƙwayar barci da wata ta safe, ya ce, "Magani zai kwantar da jikin. Abin da ya gani kuwa ƙwaya ba ta goge shi." Ya tura mu wurin wani Malam Tijjani. Su a can kansilin suke ce wa aikinsa, mu muka sa masa ɗakin magana.

Ranar farko na shiga ina neman gadon gwaji da allura. Babu. Kujeru ne da ɗan tebur da butar ruwa. Malam Tijjani mutum ne mai furfura jefi-jefi, ba ya sa farar riga. Ya gaishe da Baba kamar yadda ake gaishe da manya, ya ce ya zaɓi inda zai zauna. Baba ya ja kujera zuwa bango yana fuskantar ƙofa, Malam ya matsar da tasa. Ya yi mana bayani cewa duk abin da aka faɗa a ɗakin a nan zai tsaya, sai fa in ran wani yana cikin haɗari. Ya ce Baba yana da ikon cewa a tsaya a duk lokacin da ya so. Sannan ya shiga tambaya, barci, ci, sallah, wa yake kwana kusa da shi. Sai kawai na ji ya ce, "Malam Audu, ka taɓa tunanin kashe kanka, ko kashe wani?"

Na zabura na ce, "Haba Malam, wace irin magana ce wannan ga musulmi?"

Ya ce, "Tambaya ce da nake yi wa kowa, Hajiya. Gara in tambaya da in yi zato."

Baba ya ce, "Kaina dai a'a." Bai ƙara ba, kuma duk mun ji abin da bai faɗa ba.

Aka ce in jira a waje. Da aka gama Malam ya ce in mun koma a kwashe adda da gora da wuƙa da lauje a kai gidan maƙwabta, kuma kada kowa ya tunkari Baba ta baya. A mota na tambayi Baba me suka tattauna. Ya ce, "Farashin gyaɗa." Na yi zaton gatse ne, ashe gaskiyarsa ke nan. Raina ya ɓaci. Na rufe shago, na bar ɗinkin biki a kan keke, na sha rana da layi, don a yi hirar gyaɗa?

Zuwa na biyu da na uku ma kusan haka. Wani lokacin in kasa kunne a ƙofa in ji shiru kamar babu mutane a ciki. A gida kuwa an samu abin yi. Duk ranar da za mu tafi sai Baffa ya ce, "Yau ma za a je hira Kano? A gaida abokin hirar." Kuɗin mota da na ƙwaya suka cinye adashin da na ci burin sayen sabon keke da shi, suka bi da akuyata. Maigidana bai taɓa hana ni ba, Allah ya saka masa, amma na ga yadda yake kallon tukunya. Akwai ranar da muka je aka ce Malam ya tafi taro, babu wanda ya ɗaga waya ya gaya mana. Ranar na yi masifa a barandar nan har mai shara ta ba ni haƙuri.

Da na ga abin ba ya gaba, na tare Malam Tijjani na ce ya gaya mini me Baba yake faɗa. Ya ce ba zai iya ba.

Na ce, "Ni ce fa nake kawo shi. Ni nake biya."

Ya ce, "Shi ya sa nake ganin girmanki. Amma maganarsa tasa ce. Ranar da ya ji na ba ki, ya rufe bakinsa ke nan."

Na fita ina ƙunƙuni. Yau na gane da ya gaya mini, da tuni na juye wa Inna, Inna ta juye wa ƙanwarta, kafin la'asar duk ƙauye ya ji.

Abin da Malam ya fara koya wa Baba shi ne yadda zai yi in abin ya taso. Ya dasa ƙafafunsa a ƙasa, ya saki numfashi a hankali kamar mai hura kunu, ya riƙa kiran sunan abubuwan da idonsa yake gani a lokacin, don jikinsa ya tuna ba a daji yake ba. Baba ya ce, "Ni za a koya wa numfashi? Da me na kawo waɗannan shekarun?" Amma wata rana kare ya yi haushi a tasha, na ga ya tsaya cak, leɓensa yana motsi. Na matsa na ji yana cewa, "Bas, lemo, mai goro, Dije." Muka shiga mota lafiya. Ban ce masa komai ba don kada ya ji kunya ya daina.

Ana cikin haka Malam ya kira mu tare ya ce, "Yanzu za mu fara taɓa wurin. Ku sani zai iya tsananta kafin ya lafa." Wannan maganar ku riƙe ta, don ni na ji ta da kunne amma ban shirya mata ba.

A zuwa na gaba ina zaune a benci sai na ji rugugi. Na banka ƙofa na tarar tebur a kife, buta ta fashe, Baba ya ɗaga kujera sama, idonsa ba nasa ba. Masu gadi suka taho a guje da kulake. Malam Tijjani ya tsaya a bakin ƙofa ya buɗe hannu ya ce, "Babu wanda zai taɓa shi." Ya koma gefe inda Baba zai iya ganinsa, yana magana ƙasa-ƙasa, "Malam Audu, Kano kake. Ga bango, ga taga, ga 'yarka." Kujerar ta sauko a hankali. Gumi ya jiƙe rigar Malam ɗin shi ma, na gani. A mota Baba ya ce, ba tare da na tambaya ba, "Cewa ya yi in faɗi sunan yaron."

Makon nan shi ne mafi muni. Na kwana a ƙauye don in taya Inna. Da rana na kai masa ƙwaya da ruwa a kwanon sha, na yi mantuwa na ɓullo ta bayansa. Ya fizge kwanon ya maka mini a fuska. Girata ta tsage, jini ya rufe mini ido, na faɗi a kan turmi. Abin da ya fara zo mini ba zafi ba ne, ƙusar zaure ce. Na rarrafa ɗakin Inna, ta danna mini tsumma, muka kalli juna. Na sauko da ɗankwali har gira. Da Baffa ya tambaya na ce ƙofar langa-langa ce ta yanke ni. Ya kalle ni, ya kalli ƙofar, ya wuce.

Malam Tijjani kam ban ɓoye masa ba, kuma kada ku ɓoye. Bai yaba mini ba. Ya ce ba a jinya da ran mai jinya. Ya ce daga yau kada in zauna da Baba ni kaɗai, ya mayar da mu wurin likita aka gyara magani, ya ce in aka sake haka kwantar da shi za a yi a asibiti na ɗan lokaci, inda babu mai dukansa. Kuma ya gaya wa Baba a gabana abin da ya yi, bai sakaya ba. Baba ya ce in ɗaga ɗankwalin. Ya kalli raunin da ke girata. Na tashi zan fita kamar kullum. Ya ce, "Malam, bar ta ta zauna. Ta biya kuɗin ji."

Sai ya fara labarin ranar farautar, idonsa a ƙasa.

"Ina ganinsa. Tsakanina da shi bai fi daga nan zuwa bencin waje ba. Ya riƙe wani yana cewa a bari, a bari. Na ga mutumin ya zagayo ta bayansa da barandami. Na gani tun bai ɗaga ba. Na buɗe baki zan kira shi, sunan ya zo nan," ya dafa maƙogwaronsa, "ya tsaya. Sai na ji ina cewa, kai yaro, kai yaro! Malam, samari sun fi ƙarfin ƙirga a wurin. Wane yaron? Waɗansu suka waiwayo. Shi bai waiwayo ba."

Ni ban san lokacin da na toshe bakina da mayafi ba.

Ya ce, "Ba karen ba ne, ba gadar ba ce. Da na kira sunansa da ya juyo. Ni na raɗa masa sunan nan, na yanka masa rago, ban taɓa kiransa da shi ba. Ranar da yake bukata ma na hana shi."

Ina jira Malam ya ce ƙaddara ce, a yi haƙuri, kamar yadda kowa yake faɗa. Bai ce ba. Ya bar shi ya numfasa, sannan ya tambaye shi ko ana ganga a lokacin. Baba ya ce ana yi. Karnuka fa? Suna haushi. Daga ganin mutumin zuwa saran, ya kai a sha ruwa? Baba ya ce ko haɗiyar yawu bai kai ba.

Malam ya ce, "Ban sani ba ko da zai ji. Kai ma ba ka sani ba. Abin da na sani, bakin da aka horar tun yaron yana zanen goyo ba ya kwancewa cikin ƙiftawar ido. Kuma ka yi ihu, Malam Audu. Da abin da bakinka ya saba ka yi."

Baba ya ce, "To ai bai isa ba."

Malam ya ce, "Bai isa ba." Sannan ya ce, "Kunyar nan da ka yi masa, ƙi ce?"

Baba ya ɗago a fusace kamar zai tashi, sai ya koma ya zauna. Ya ce, "Wa yake kunyar abin da ya ƙi?"

Ba a warke ranar ba, kada wani ya yaudare ku. An yi ta komawa kan maganar nan, mako bayan mako, wani zuwan ya fito da sauƙi, wani ya fito kamar an yi masa duka. Malam bai sake matsa masa ya faɗi sunan ba, ya ce dai ranar da ya zo kada ya haɗiye. Damina ta sauka, Baba ya koma gona da fartanya, ɗan Baffa yana gefensa. Barci ya fara dawowa. Ya ci nama a babbar sallah, tsoka ɗaya, Inna ta fita bayan ɗaki ta daɗe. Sau da yawa ya tayar da hankali, ya yi jifa da abu, amma jini bai fita ba. Sasarin yana nan a ƙusa ya fara tsatsa.

Ga masu tambayata, abin da zan ce ke nan. Zuwan farko tambaya ce zalla, kada ku raina ta. Shiru ma aiki ne a ɗakin nan. Ba za a gaya muku sirrin majinyacinku ba, kuma ba za a ba shi umarni kamar a kotu ba. Ku karɓi lambar waya ku kira kafin ku hau mota. In an haɗa da ƙwaya kada a yanke ta don an ga sauƙi. Ku kuma masu jinya ku nemi mai canjinku, ni sai da Malam ya zaunar da ni ni kaɗai ya tambaye ni yaushe na yi kukan yayana, sannan na gane ban yi ba.

Da kaka ta wuce Malam ya ce mu yi shiri, lokacin farauta ya zagayo, ganga za ta zo har ƙofar gida. Ta kuwa zo. Ina ƙauye ranar, da hantsi, muna ɓarar gyaɗa a tsakar gida. Sai ga ganga da haushin karnuka, motar mafarauta ta tsaya a bakin hanya tana ɗaukar samari. Wani daga saman mota ya kwarara ihu, "Kai yaro, yi sauri!"

Baba ya miƙe. Mun kwashe adda, mun kwashe gora, babu wanda ya tuna da taɓarya. Ya sure ta ya fita.

Na bi shi a guje babu mayafi. A zaure na ci karo da Baffa yana sauke sasari daga ƙusa, yana ƙwala wa 'ya'yansa kira. Na riƙe masa riga na ce, "Baffa, bai taɓa kowa ba tukuna! Alkawarinka jini ne!" Ya fizge, muka fito tare.

Baba yana tsakiyar hanya, gaban motar, taɓarya a sama. Samarin da suka san shi suka ja baya, baƙin cikinsu suka diro da gora a hannu. Wani yaro mai jini a jika ya matso yana cewa, "Tsoho, ka sauke ko mu sauke ka." Tsakaninsu bai fi taku ba. Na san in taɓaryar nan ta sauka kan yaron zai tarwatse kamar na Duna, kuma su ma ba za su bar Baba da rai ba. 'Ya'yan Baffa suka fara zagayawa ta bayansa, na yi ihu na ce kada wanda ya je masa ta baya.

Sai na ga ƙafafunsa. Ya dasa su a ƙasa. Ƙirjinsa yana hawa yana sauka, leɓensa yana motsi. Mota, kuka, katanga, ban san me yake kira ba. Ya kawar da kai daga yaron, ya juya ya fuskanci gabas, wajen daji. Jijiyoyin wuyansa suka tashi. Ya buɗe baki, da muryar da ban taɓa sanin yana da ita ba, ya ce:

"Idrisu! Idrisu, bayanka!"

Ganga ta tsaya. Ya sake kira, ya sake, har muryar ta dushe. Taɓarya ta faɗi. Ya durƙushe a tsakiyar hanya yana kuka kamar ana yanka shi, yana kiran sunan. Daga cikin gida sai muka ji wani kukan ya amsa, na Inna, wanda ta riƙe tun ranar da aka shigo da gawa. Samarin suka sauke gorarsu, yaron nan da ya yi masa barazana ya cire hula.

Baffa yana tsaye da sasari a hannunsa mai lafiya. Ya kalle shi kamar bai san yadda aka yi ya zo hannunsa ba. Ya sake shi a ƙasa, ya zagaya ta gaban ƙanensa, ya zauna a turɓaya ya dafa shi. Bai ce a yi haƙuri ba. Ya ce, "Kira shi, Audu. Ɗanka ne."

Har yanzu muna zuwa Kano, amma jefi-jefi. Har yanzu ba a zuwa wa Baba ta baya, kuma ya bar farauta. Tabon girata yana nan, layin kati ma yana nan yadda yake, Allah ya shirya masu hatimi. Malam Tijjani da likitan da duk wanda ya taimaka ko da da kujera ce a mota, Allah ya biya su. Allah ya ji ƙan yayana, ya ba marasa lafiyarku lafiya.

Zuwanmu na baya-bayan nan, a bas ɗin dawowa, wani dattijo da ke kusa da Baba ya ja shi da hira. Ya nuna ni ya ce, "Wannan ce babbar?"

Na buɗe baki zan amsa masa kamar yadda na saba, Baba ya riga ni.

Ya ce, "A'a, tana da wa. Sunansa Idrisu. Ya rasu."